Bangon Gabas na Soron Malam Cindo

Litinin, 29 ga Yuli, 1974. Bayan la'asar.

Ruwa kuma. Tun kafin azahar ake zuba shi, sai yanzu ya tsagaita. Duk Gumel murna ake yi, kuma wa zai ga laifin mutane? Shekara biyu ana fari, shanu sun ƙare, masu rufin asiri sun ci dusa a ɓoye. Bana gero ya kai ƙugu. Ni ma na ce alhamdu lillahi, da bakina na faɗa.

Da ya ɗauke na leƙa soron Malam Cindo. Akwai tsaga a bangon gabas, daga bakin rufi ta gangaro kamar kamu biyu. Siririya ce, ko tsinke ba zai shiga ba. Sajo birkila, wanda ya shafa mana simintin bara, ya faɗa tun a lokacin cewa siminti yakan yi 'yar tsaga ya tsaya. Ba komai ba ne.

Wasiƙar ofishin kayan tarihi na Kano tana aljihuna. Jami'insu zai zo ranar Litinin, 26 ga Agusta, ya duba soron, in ya gamsu a sa shi cikin gine-ginen da gwamnati ke karewa. Shekara uku ina rubuta musu kafin su amsa. Saura mako huɗu cif.

Laraba, 31 ga Yuli. Da hantsi.

Makaranta tana hutu, don haka na zauna tsara abin da zan gaya wa baƙon.

Malam Cindo ya zo daga Damagaram tun kafin Turawa, sama da shekara ɗari da ashirin. Ba makarantar yara ya buɗe ba. Sai mutum ya sauke, ya yi gemu, sannan ya bar iyalinsa a garinsu ya zo nan ya zauna shekara biyar ko bakwai yana karatun fiƙihu da nahawu da hisabi da lissafin taurari. Wanda ya ƙare, malam ya ba shi izini, sai ya rubuta sunansa da garinsa da tawada a jikin bangon gabas ta ciki. Suna nan har yau, layi bisa layi, har inda hannu ba ya kaiwa sai da tsani. Mirriya, Magarya, Matamaye, Haɗeja, Kazaure, Nguru, har da mutumin Agadas. In wannan ba jami'a ba ce, to a gaya mini mece ce jami'a. Na yi shekara uku a ta Zariya, na san abin da nake faɗa. Abokan aikina suna kirana Shugaban Jami'ar Laka. Su yi ta yi, rabinsu ba su san sunan kakansu na uku ba.

Rufin baka huɗu ne a giciye, lanƙwasassu kamar bakan gizo, azarar giginya aka ɗaura aka lulluɓe da ƙasa, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, kuma mutum sittin suna zama a wadace. Kakan mahaifin Baba ne ya gina shi. Tun daga ranar gidansu ke yi masa yaɓe duk shekara kafin damina, ba a taɓa ba wani ba. Baba, mahaifin matata Rabi. Surukina ne, ba zan rubuta sunansa ba ko a nan.

A shekarun fari yaɓen bai samu yadda ya kamata ba. Babu ruwan kwaɓa ƙasa, masu gayya kuma duk sun tafi cin rani. Ni na samo simintin, ragowar ginin ajujuwanmu ne hedimasta ya ba ni. Mai unguwa Ɗantala ya sa mini albarka a gaban jama'a. Wannan ma zan gaya wa baƙon.

Alhamis, 1 ga Agusta. Magariba.

An yi ruwa.

Asabar, 3 ga Agusta. Bayan azahar.

Na je soron na tarar babu littafi ko ɗaya. Gafakokin da ke rataye, akwatunan da ke kusurwa, duk an kwashe. Malam Ya'u, wanda ya gaji karantarwa a wurin daga zuriyar Malam Cindo, yana zaune a zauren gidansa da manyan ɗalibansa bakwai, a matse kamar kaji a akurki.

Na ce, "Allah gafarta Malam, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau. Surukinka ne ya ce mu ɗan matsa zuwa ɗaukewar ruwa."

"Ya faɗi dalili?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ai ka san shi. Bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Saura mako uku baƙo ya zo, za a nuna masa soro fayau kamar rumbun da aka cinye. Ko shawara ba a yi da ni ba. To amma ta yaya za a yi? Ni da Baba ba ma haɗa ido. In na hango shi a hanya na durƙusa na sunkuyar da kai, ya amsa gaisuwa yana duban wani wuri. Shekara shida ke nan haka muke, kuma haka ya kamata.

Kafin in tafi na zagaya baya. Tsagar ta kai kamu huɗu. Na ƙwanƙwasa simintin da bayan yatsa. A ƙasa ya amsa da nauyi. A sama kuwa sai na ji kamar ina ƙwanƙwasa ƙwarya.

Ban sake ƙwanƙwasawa ba.

Lahadi, 4 ga Agusta. Da safe.

Rabi ta kawo koko ta tsaya ba ta tafi ba. Ta ce, "Malam, maganar nan ta bara..." Na ce ina da aiki. Ta ɗauki faifanta ta fita.

Talata, 6 ga Agusta. Bayan la'asar.

Na fara kwafe sunayen da ke bangon gabas a wani littafi. Tun da daɗewa na yi niyya, ba don wani abu ba ne. Baƙon zai so ya gani a tsare.

Na kwafi arba'in da ɗaya. Rubutun mutanen da yana da wuyar karantawa, wasu kuma tawadar ta fara bajewa. Bangon da sanyi. Da na dafa shi tafin hannuna ya fito da danshi, ga wani wari kamar na rijiyar da aka daɗe ba a ja ba.

Damina ce. Kowane bango yana sanyi da damina.

Alhamis, 8 ga Agusta. Magariba.

Ruwa da iska daga gabas, kai tsaye a kan bangon. Na tsaya a zaurenmu ina kallo har ya wuce. Maƙwabcina ya dawo daga kasuwar Maigatari jiƙe sharkaf yana dariya, wai hatsi ya fara saukowa. Ya ce, "Malam Haladu, wannan fuska fa? Kamar kai kaɗai aka hana wa daminar." Na yi masa dariyar da ta samu.

Sunayen da na kwafa sun kai tamanin da uku.

Asabar, 10 ga Agusta. Da hantsi.

Gari ya waye tas, babu gajimare ko na magani. Rana mai zafi.

Litinin, 12 ga Agusta. Bayan azahar.

Kwana uku ba ruwa. Rabi ta je gidansu da safe ta dawo da saƙo. Wannan karon ba ta bar mini hanya ba, a bakin ƙofa ta tsugunna.

"Baba ya ce a gaishe da Malam. Ya ce rana ta samu. In an ɓanɓare abin da ke bangon gabas yanzu, kwana goma sun isa ƙasar ta sha iska."

Abin da ke bangon. Ko sunan siminti ba zai kama ba, don kada ya zama ya nuna ni da yatsa.

Na ce, "A ɓanɓare? Saura mako biyu baƙo ya zo ya tarar da bango a saɓule kamar akuya mai ƙazuwa? Bayan ashirin da shida ga wata a yi duk abin da za a yi."

Ta ce, "Haka zan faɗa masa?"

"Ki gyara yadda ya dace."

Ta ce, "Bara ma gyarawa na yi."

Na ɗaga murya. Ba zan rubuta abin da na ce ba.

Talata, 13 ga Agusta. Bayan asuba.

To, bari in rubuta maganar bara sau ɗaya in huta.

Da na samu simintin ban iya zuwa wurin Baba da kaina ba, sai na roƙi Malam Ya'u ya tambayar mini. Amsar da ta dawo ita ce, "Yadda Malam ya gani, shi ne mai ilimi." Na ɗauka ya yarda. Ko kuwa dai na ga dama na ɗauka haka. A garin nan aka haife ni. Na san in suruki ya ce maka yadda ka gani, bai ce i ba, kunya ce ta hana shi ce maka a'a, ya bar maka ka gane da kanka. Kashegari ya ga ban gane ba, ya aiko Rabi. Ya ce a tambayi Malam ko za a bar bangon gabas ya ga damina ɗaya tukuna, don ginin ƙasa yana shan ruwa yana fitarwa, in aka rufe shi ruwan ba shi da hanyar fita. Wannan a wurin mutum irin Baba ihu ne.

Na ce wa Rabi ta gaya masa zamani ya canza. Ba ta iya kai wa ubanta wannan ba, ta ce masa Malam ya ji. Shi kuma ya ɗauka na ji ɗin. Ya tafi Gagarawa gyaran wani masallaci, kwana tara. Ya dawo ya tarar Sajo ya gama, har bakin indararo an shafe.

Bai ce komai ba. Da daminar bara ta zo babu ruwan kirki, bango ya tsaya fes, ni kuma na riƙa tafiya ina jin kaina.

Na rubuta. Ban huta ba.

Alhamis, 15 ga Agusta. La'asar.

Ba ruwa. Sunaye sun kai ɗari da sittin. Na ari tsani.

Ta ciki, kusa da inda bakan gabas ya sauka a kan bango, ƙasa ta kumbura ta yi ciki. Sunaye biyu sun zube da kansu tun kafin in kai gare su. Na tsinci ɓarɓashin a ƙasa, ana ganin rabin harafi. Ban san ko su waye ba.

Mutane sun fara tsayawa a bayan soron suna nuna tsagar. Yanzu yatsa yana shiga.

Kwana goma sha ɗaya kawai nake nema. Ya Allah, kwana goma sha ɗaya.

Asabar, 17 ga Agusta. Bayan la'asar.

Mai unguwa Ɗantala ya tara dattawa a ƙofar gidansa saboda tsagar. Ni ma an kira ni. Baba yana can gefe a kan buzunsa, ni na zauna a bayan wani don kada mu fuskanci juna.

Kowa ya tofa. Bakinsu ɗaya: siminti ba ya lalacewa, ai da shi gwamnati ke gina gada. In bango ya tsage, to cikinsa ne ruɓaɓɓe tun asali, kuma cikin aikin gidan magina ne. Wani ya ce shekara biyu ba a yi yaɓe ba. Wani ya ce ai tsufa ya zo, hannu ya yi sanyi. Suka riƙa kiran sunansa gatsau a gabana. Wani ma cewa ya yi ba don simintin Malam Haladu ba da tuni soron ya kwanta.

Mai unguwa ya juya wurin Baba ya ce ko yana da magana.

Baba ya ce, "Ginin gidanmu ne. Abin da ya same shi, mu ne."

Shi ke nan abin da ya ce. Ya san dalili sarai, ya fi kowa sani, amma faɗinsa tona mini asiri ne a bainar jama'a, kuma ni mijin 'yarsa ne.

Sai mai unguwa ya ce, "Malam Haladu, kai ne ɗan boko. Me ka gani?"

Na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, yadda jama'a suka gani."

Aka yanke: daga yau kula da soron ya bar gidan Baba. Ranar Laraba Sajo zai zo ya cike tsagar ya ƙara wani simintin a kai, kafin baƙon Kano ya iso. Shekara ɗari da ashirin, a zama ɗaya, ko goro ba a gama ci ba. Baba ya naɗe buzunsa ya yi sallama ya tafi.

Lahadi, 18 ga Agusta. Da hantsi.

Rabi ta ce za ta je duba Iya, mahaifiyarta. Ta ɗauki yarinyarmu da ƙullin kaya. Ban tambayi yaushe za ta dawo ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Lahadi, magariba.

Ba ruwa. Kwana tara.

Litinin, 19 ga Agusta. Bayan azahar.

Masinjan makaranta ya kawo wasiƙa daga Kano. Layi huɗu. Saboda halin da hanyoyi ke ciki da kuma ƙarancin mota, an ɗage ziyarar zuwa bayan damina, za a sanar da rana.

Na karanta ta sau nawa ban sani ba. Na yi dariya ni kaɗai a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Ba wanda zai zo. Kwana goman da Baba ya roƙa yau suka cika in an lissafa daga ranar da gari ya washe, kuma na zauna a kansu ina jiran mutumin da ko takalmi bai sa ba. Kunya nake ji, irin wadda ke sa mutum ya ƙi duban hannunsa. Da tsoro kuma. Jibi Sajo zai ƙara rufe shi.

Talata, 20 ga Agusta. La'asar.

Na yi.

Bayan sallar azahar, kafin mutane su watse, na miƙe a ƙofar masallaci na ce ina da magana. Na faɗa musu duka: tambayar bara, amsar da na yi kamar ban gane ba, saƙon Rabi na farko, saƙon makon jiya. Na ce siminti ne ya kulle ruwa a cikin bangon, ni na sa shi, an hana ni har sau biyu na ƙi ji. Na ce abin da aka yi wa surukina ranar Asabar zalunci ne, kuma a gabana aka yi ina zaune.

Ba su yarda ba. Wallahi ba su yarda ba. Mai unguwa ya ce, "Malam, mun san kana son ka rufa wa surukinka asiri, Allah ya biya ka, amma..." Wai ni ne mai rufa asiri.

Na ce su biyo ni. Na karɓi guduma a wurin maƙeri, muka zagaya bayan soron, na daki bangon daidai ƙirjina. Bugu biyu. Wani falle mai faɗin tabarma ya ɓalle ya faɗo, ruwa ja ya biyo shi yana tsiyaya, kwana goma sha ɗaya rabon gari da ruwa. Ƙasar da ke ciki ta zama kamar tuwon da ya kwana. Na tura hannu ya shige har wuyan hannu.

Mai unguwa ya cire hularsa ya mayar. Sannan ya ce a je a kira Baba, a ce shi ne ke roƙo.

Baba ya zo. Bai dubi kowa ba. Ya taɓa ƙasar, ya murza, ya sansana, ya shiga ciki ya daɗe. Da ya fito sai ya yi wa Malam Ya'u magana, ko da yake ina tsaye kamu uku daga wurinsa.

"A gaya wa Malam kada a ƙara bugu daga ƙasa. Daga sama za a bi, kaɗan kaɗan. A nemo gungumen giginya shida a tokare bakan ta ciki."

Malam Ya'u ya ce, "Zai tsaya?"

"In an samu rana kwana goma."

Laraba, 21 ga Agusta. Magariba.

Tun asuba muke kai. Mutum sha tara, har da Sajo, wanda ya zo da buhunan siminti ya tarar ana ɓanɓare na bara, ya ajiye ya kama aiki. An samu giginya huɗu, an tafi neman biyu wajen Sule Tankarkar da amalanke. Hannuwana sun yi kanta sun fashe.

Mun sauke kashi ɗaya cikin uku. Tururi yana tashi daga bangon in rana ta buge shi. Azarar da ta bayyana a sama baƙa ƙirin ce, farce yana shiga.

Baba ya hana kowa shiga ciki ban da masu tokara. Na roƙa ta bakin Malam Ya'u a bar ni in ƙarasa kwafe sunayen sama. Aka ce a'a. Ɗari biyu da goma sha huɗu na samu. Na sama, na mutanen farko, sun fi haka yawa.

Rabi ta aiko da tuwo wurin aikin. Na kowa ne, ba nawa ni kaɗai ba.

Alhamis, 22 ga Agusta. La'asar.

Rana. Kwana biyu cikin goma. Rabin simintin ya sauka.

Gero ya fara naɗe ganye. A bakin rijiya ba a maganar komai sai wannan. Mutanen da suka binne 'ya'ya bara suna duban sama, idonsu abin tsoro.

Juma'a, 23 ga Agusta. Bayan sallah.

Liman ya yi roƙon ruwa. Ya daɗe yana yi, dattawa suna kuka a sahu. Duk masallaci amin, amin. Hannuwana suna sama tare da na kowa.

Me zan ce? Mutum dubu nawa ne abincinsu ke tsaye a gona, ni kuma ina da bango. Na ce amin. Allah ya san yadda na faɗe ta.

Baba yana sahu na biyu. Na ji tasa amin ɗin, da ƙarfi ya yi ta, yana da gona shi ma.

Juma'a, kafin magariba.

Hadari ya haɗo daga gabas. Mun rufe bangon da zana da buhuna da duk tabarmar da aka samu a unguwa.

Asabar, 24 ga Agusta. Da hantsi.

Ya faɗi.

Asabar, la'asar.

Ruwan bai tsaya ba har wayewar gari. Iska ta kwashe zanar tun da wuri. Bayan an idar da sallar asuba muna tsaye a zauren Malam Ya'u muna kallo, sai bangon gabas ya durƙusa a hankali, kamar raƙumi zai sauke kaya. Bakan gabas ya bi shi. Da ya tafi, sauran ukun ba su da abin dogara, suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar ba ta kai yadda na zata ba.

Ba wanda ya ji rauni. Littattafai suna nan lafiya, albarkacin wanda ya kwashe su.

Yara suna wasa a cikin ruwa a kan titi, mata suna guɗa a cikin gidaje saboda gero ya tsira. Na shiga cikin tarin ƙasar ina tonawa da hannu ko zan samu rubutu. Laka ce kawai. Sajo ne ya janye ni.

Litinin, 26 ga Agusta. Da safe.

Yau ce ranar. Ba abin da zan rubuta.

Talata, 27 ga Agusta. Bayan la'asar.

Mai unguwa ya je gidan Baba jiya da dattawa huɗu sun ba shi haƙuri, sun mayar masa da kula da soron. Soron da babu.

Yau na je ni ma, na ɗauki Malam Ya'u. Na tsaya a waje na tsugunna a gindin zana, su suna cikin zaure, ina jinsu suna jina. Na ba da haƙuri. Baba ya ce a gaya wa Malam babu komai, ƙaddara ce. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Dama na zo da shiri. Na ce a gaya masa zan nemo azara ko daga ina ne, zan tara gayya da kaka, zan taka ƙasa da ƙafata. Bangon da bakan duka a mayar yadda suke, shi ya ja gaba, mu mu bi. Na yi ta zuba, har da lissafin watanni.

Sai na ji muryar Baba, a hankali.

"A gaya wa Malam bango mai sauƙi ne, ko yarana sa tayar da shi. Amma baka mai faɗin wannan, babu ginshiƙi, ban taɓa ɗaura shi ba. Ubana ma bai taɓa ba. Kakana ya ga an yi yana ƙarami, yana miƙa ƙasa, bai riƙe yadda aka haɗa azarar a tsakiya ba. Ba mu koya ba don bai taɓa faɗuwa ba. Mu yaɓe muka gada."

Malam Ya'u ya ce, "Ko a Kano ba a samu wanda ya sani ba?"

"A samu mai yin nasu. Wannan na mutum ɗaya ne, kuma a cikin ƙasa ya rufe shi. Na yi shekara hamsin ina shafa bayansa ban taɓa ganin cikinsa ba sai ranar Asabar, a karye."

Malam Ya'u ya fara maimaita mini, kamar yadda aka saba. Na ce ya bari, na ji.

Na daɗe a tsugunne. Ba wanda ya kore ni, ba wanda ya ce in shigo. Can Rabi ta fito da yarinya a baya da ƙullin kayanta a ka, ta wuce ni ta kama hanyar gida. Na tashi na bi ta. Ta bayan soron hanyar take, babu wata.